Dashe a Baƙin Ido

Duk wanda ya taɓa noman rani a bakin madatsar Tomas ta wajen Ɗambatta, ko a Watari ta ƙasar Bagwai, ya san ba daga tsakiyar lambu ake fara aikin tumatir ba. Daga gefe ake farawa. Can a wata kusurwa kusa da ruwa manomi zai gyara ɗan fangali wanda bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, ya marmashe ƙasar da hannunsa har ta yi laushi, ya cuɗa ta da ruɓaɓɓen taki, ya yafa iri, ya lulluɓe da busasshiyar ciyawa. Safe da yamma yana yayyafa ruwa a hankali don kada ya tone irin. Idan tsiro ya leƙo sai ya janye ciyawar, ya kafa ƙaya saboda kaji da awaki. Cikin mako uku zuwa huɗu, irin da bai cika tafin hannu ba ya zama dubban tsirrai. Sai a jira la'asar sakaliya, rana ta yi sanyi, a cira a dasa.

Ko bayan an gama dashe, mai lambu ba ya rushe fangalin nan. Idan akuya ta ɓalle ta cinye kunya guda, ko tsutsa ta datse wasu, nan zai koma ya ɗebo ya cike gurbi. Asarar da ke sa shi zama ya yi tagumi ita ce ta fangalin kansa. In ya ƙone, babu inda za a ɗebo, kuma ƙasa mai danshi ba ta zama haka nan. Kafin ka ankara ƙiri-ƙiri da sauran ciyayi sun tsallako daga kan iyaka sun mamaye wurin.

Allah Ya yi wa idon ɗan Adam tsari irin wannan, amma likitoci ba su gane shi ba sai shekaru hamsin da 'yan kai da suka wuce.

Abin da muke kira baƙin ido ba shi ne a waje ba. A samansa akwai wata fata garai-garai mai ɗan tudu, wadda likitoci ke kira koniya. Faɗinta bai wuce milimita 12 ba, kaurinta a tsakiya kuwa kamar rabin milimita. Babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinta, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa haske ke ratsa ta ba tare da tangarɗa ba. Ita ce ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske zuwa cikin ido. Samanta kullum cikin gogewa yake: ƙiftawa na goge shi, ƙurar hunturu na goge shi, hayaƙin murhu na cin sa. Ƙwayoyin halittar da ke saman suna mutuwa hawaye na tafiya da su, sababbi na maye gurbinsu, har ta kai cikin mako ɗaya zuwa biyu fuskar koniyar gaba ɗaya ta sabunta, mai ido bai ma sani ba.

To daga ina sababbin ke fitowa? Ka dubi idonka a madubi, ka lura da zoben nan siriri inda baƙi ya haɗu da fari. Nan ne fangalin. A cikin 'yan ƙananan lunguna na wannan zobe akwai ƙwayoyin tushe, wato ƙwayoyin halittar da ba su da aikin da ya wuce haifar wasu. Idan ɗaya ta rabu biyu, guda ta zauna a gida ta ci gaba da zama iri, ɗayar ta kama hanya zuwa tsakiyar baƙin ido tana hayayyafa. A idon baƙar fata ma an fi ganin layukan wurin, don suna da ɗan duhu. Wasu masana biyu 'yan ƙasar Norway, Davanger da Evensen, su ne suka fara nuni da haka a 1971, sannan a 1986 aka samu hujja mai ƙarfi daga ɗakin binciken Tung-Tien Sun a birnin New York. Zoben yana da aiki na biyu: shi ne iyakar da ke hana fatar farin ido, mai jijiyoyin jini, tsallakowa kan baƙin.

Abin da ya fi ƙona wannan zobe shi ne sinadari. Sodar da mata ke haɗa sabulu da ita, ɗanyen siminti a wurin gini, farar ƙasa ta shafen bango, ruwan batir a garejin makanike. Soda da siminti sun fi ruwan batir mugunta, domin ba sa tsayawa a sama, narkar da nama suke yi suna nutsewa ciki. A nan dole in tsaya in faɗi abin da ya kamata kowane gida ya sani: idan irin wannan ya fantsama a ido, kafin a nemi babur, kafin a kira kowa, a buɗe idon da yatsu a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta, da buta ko da kofi, har kusan rabin awa, sannan a tafi asibiti. Ruwan nan na farko shi ne sau da yawa ke raba tsakanin zoben da ya tsira da wanda ya mutu.

In ya mutu kuwa, abin da ke biyo baya shi ne abin da ke faruwa a lambu. Saman koniya ya gaza rufewa, ya zama gyambon da ba ya warkewa. Fatar farin ido ta tsallako da jijiyoyinta ta shimfiɗu a kan baƙin. Ido ya yi jawur, ya yi ta zubar hawaye, mai shi ba ya iya kallon rana, har gani ya koma bambance dare da rana kawai.

Mu a nan duk farin da ya hau baƙin ido hakiya muke ce masa, kuma babu kasuwar ƙauye da za ka ratsa, daga Bichi zuwa Makoɗa, ba ka haɗu da mai ita ba. Dalili bai ɓuya ba. Ƙasarmu ta arewacin Kano ƙasa ce da mutane suka cika, gona na jingine da gona, ba a barin ko taku ɗaya ya huta, kowace shekara sai an kai taki an shuka. Idan kaka ta yi kowa na cikin hatsi, yaro da babba. Magidanci na sunkuye yana yankan gero, gefen ganye ya shafe shi a ido. Ya murza da bayan hannu ya ci gaba, don aiki ba ya jira. Da daddare idon na yi masa kamar da tsakuwa a ciki.

"Malam, ka je asibiti a duba idon nan mana," in ji uwargida.

"Bari dai a gama ɗaure dammunan nan. Ƙaiƙayi ne kawai."

Washegari maƙwabciya ta kawo wani ganye aka matse a ciki. Rana ta uku aka aiki yaro kemis ya karɓo maganin ɗigawa, irin mai kwantar da ja nan take, wanda kuma yake kwantar da garkuwar idon ya ba ƙwayar cuta fili. Kafin mako ya zagayo wani ɗigon fari ya bayyana a tsakiyar baƙin. Lokacin da za a kai shi Kano, gyambon ya riga ya ci ciki. Ko an kashe ciwon, tabon ya zauna.

Ga kuma ƙyanda. Tun 1979 wasu likitoci biyu da suka yi aiki a arewacin ƙasar nan, John Sandford-Smith da Hilton Whittle, suka bayyana cewa gyambon koniya a jikin yaran da ba su samun isasshen abinci shi ne kan gaba wajen makantar da yara a Arewa, kuma yawanci bayan ƙyanda yake zuwa. Rigakafi da ɗigon bitamin A da ake ba yara sun rage wannan bala'i ƙwarai, amma waɗanda abin ya sama a wancan zamani suna nan cikinmu, sun zama iyaye da kakanni. Akwai kuma ciwon nan da ke lanƙwasa fatar ido ciki har gashin ido ya riƙa gogar baƙin a kowace ƙiftawa, wanda ya fi kama mata. Babban binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, mutum sama da miliyan ɗaya, kuma kusan kashi 8 cikin ɗari na makantar nan daga tabon koniya take.

Tsohuwar hanyar magance hakiya ita ce a yanke koniyar da ta lalace a ɗinka ta wani mamaci a gurbinta. Wani likita mai suna Eduard Zirm ne ya fara yin nasarar wannan aiki a 1905, a garin Olomouc da ke ƙasar Cek ta yanzu, kuma wanda aka yi wa aikin lebura ne da farar ƙasa ta ƙona wa idanu. Aikin na da amfani har gobe. Sai dai yana da matsala biyu. Ta farko ƙarancin koniyar: wani ƙiyasi na duniya da aka fitar a 2016 ya nuna cewa cikin mutum 70 da ke buƙata, ɗaya ne ke samu, ana kuma da masu jira kusan miliyan 12.7. Ta biyu ita ce wadda manomi zai fi saurin ganewa. Idan zoben gefe ya mutu, sabuwar koniyar da aka ɗinka ba ta da mai ciyar da samanta. Za ta yi 'yan watanni garau, sannan ƙwayoyin da ta zo da su su ƙare, fatar farin ido ta sake tsallakowa. An share gona an yi huɗa, amma babu iri.

A 1989 wasu likitoci biyu a Amurka, Kenyon da Tseng, suka yi abin da manomin gero ke yi a tsakiyar marka: ya je inda shuka ta yi cunkoso ya ciro, ya dasa inda ta mutu. Suka yanko manyan ɓangarori biyu daga zoben ido mai lafiya suka dasa a wanda ya ƙone. Ya yi aiki. Amma mutumin da ido ɗaya ya rage masa, ka ce za ka yanki kaso mai yawa daga zoben wannan ɗayan, ai dole gabansa ya faɗi, kuma yana da gaskiya. Wanda ya cika cira daga gonar kirki zai iya wayar gari da gona biyu marasa kirki.

Nan ne reno ya shigo. Tun 1975 Howard Green da James Rheinwald a Amurka suka gano yadda ake renon ƙwayoyin fatar mutum a ɗakin gwaje-gwaje har su zama shimfiɗa, aka kuma ceci waɗanda gobara ta ƙona da wannan dabara. Wasu masana biyu 'yan Italiya, Graziella Pellegrini da Michele De Luca, suka ɗauki dabarar suka kai ta ido. A 1997 suka ba da labarin mutum biyu da sinadari ya ƙona wa ido ɗaya ɗaya, waɗanda aka gyara musu saman koniya da ƙwayoyin da aka reno daga ɗaya idon nasu.

Yadda ake yi abin kallo ne. Likita zai kashe zafin ido mai lafiya, ya ɗan tsinko nama daga zoben, milimita ɗaya zuwa biyu, bai fi ƙwayar gero ba. Wurin na warkewa cikin 'yan kwanaki. A ɗakin reno za a warware ƙwayoyin daga juna, a zuba su cikin faranti mai ruwan abinci, a sa a wani akwati da ke riƙe ɗumi daidai da na jikin mutum, digiri 37, dare da rana ba yankewa. Masu aikin na shiga ne a rufe ruf, daga kai har ƙafa, iskar ɗakin ma tatacciya ce, domin ƙwayar cuta ɗaya in ta faɗa farantin ta fi irin saurin yaɗuwa. Ana canja ruwan abincin a kai a kai, ana leƙawa da madubin ƙara girma. Da farko 'yan tsibirai ne nan da can. Sai su yi ta faɗaɗa har su haɗe. Cikin mako biyu zuwa uku an samu shimfiɗa garai-garai a kan wani faifan da aka yi da sinadarin daskarar da jini, faɗinsa ya ɗan haura santimita 2, ɗauke da ƙwayoyi dubu ɗari uku zuwa sama da miliyan. Ranar dashe likita zai fara da noma: ya kankare fatar da ta mamaye baƙin idon da jijiyoyinta, sannan ya shimfiɗa sabuwar ya kafe ta. Da yake naman mutum ne aka mayar masa, jiki ba ya ƙin sa, ba a buƙatar magungunan danne garkuwa na tsawon rai.

A 2010 Pellegrini da De Luca suka fitar da sakamakon mutum 112 da aka yi wa aikin tare da likita Paolo Rama na birnin Milan, wasu an bi su har shekara goma. Kashi 76.6 cikin ɗari na idanun sun samu lafiyayyen sama mai ɗorewa. Amma abin da ya fi burge ni cikin rahoton wani ne daban. Sun gano cewa ba yawan ƙwayoyin da ke kan faifan ne ke kawo nasara ba, yawan irin gaske da ke cikinsu ne. Inda ƙwayoyin tushe suka haura kashi 3 cikin ɗari, an yi nasara a kashi 78 na marasa lafiya. Inda ba su kai haka ba, kashi 11 kacal. A ido duka faifan iri ɗaya ne, duka suna sheƙi. Kowane manomi ya taɓa ganin tsiron da ya yi kore shar a fangali, aka dasa, ya yi kwana kaɗan ya kwanta don ba shi da saiwa.

A watan Fabrairun 2015 Tarayyar Turai ta amince da wannan magani da sunan Holoclar, shi ne na farko da aka yi da ƙwayoyin tushe da ta ba izini. A Ingila an sa masa farashin fam 80,000 kan ido ɗaya, abin da ya haura naira miliyan 100 nesa ba kusa ba. Kuma daga lokacin da aka fito da faifan daga ɗakin reno, awa 36 gare shi kafin ya lalace. Tsiron da aka cira ba ya kwana biyu a kwando. A birnin Bostan na Amurka ma, a 2025, tawagar likita Ula Jurkunas ta ba da rahoton mutum 14 da aka yi wa makamancin wannan aiki, kuma mafi yawansu sun samu gyara. Duk wannan abin farin ciki ne, amma mu faɗi gaskiya: ɗakin da wuta ba ta ƙiftawa a cikinsa har mako uku, da jirgin da zai kai nama ya dawo da faifai cikin kwana ɗaya da rabi, ba abin da mai saƙar tabarma a Kunci zai sa rai da shi ba ne a kusa.

Labarin da ya fi kusa da mu daga Indiya ya fito. A birnin Haidarabad akwai cibiyar ido ta L. V. Prasad, wadda aka kafa a 1987, inda talakawa da yawa ke samun aiki kyauta. Su ma suna da nasu bala'in: farar ƙasar da ake shafawa a ganyen taunawa, wadda ake sayarwa a 'yan ledoji, yara su matsa ta fantsamo musu a ido. Likita Virender Sangwan da abokan aikinsa sun yi shekaru suna renon ƙwayoyin a ɗaki, sun yi wa ɗaruruwan mutane. Daga baya suka yi wata tambaya mai sauƙi: me zai hana a yi renon a kan idon kansa? A 2012 suka bayyana sabuwar hanyar. A tsinko nama kamar milimita 2 daga ido mai lafiya, a kankare wanda ya ƙone, a shimfiɗa masa siririyar fatar nan da ke lulluɓe jariri a ciki, a yayyanka naman gutsi-gutsi kamar takwas zuwa goma, a jera su a kai a manne da gam na musamman, a rufe da ledar ido mai laushi. Kowane gutsure sai ya zama ɗan fangali, ya yi ta yaɗo har su haɗe cikin 'yan makonni. Hawayen mutum ne ruwan ban, ɗumin jikinsa ne akwatin reno. Aiki ɗaya, rana ɗaya, babu ɗakin gwaje-gwaje. A 2016 suka ba da sakamakon mutum 125, kusan rabinsu yara, nasara ta kai kashi 76 cikin ɗari, daidai da ta hanya mai tsada. A ganina wannan ita ce hanyar da ya kamata Kano ta sa wa ido.

Idan idanu biyun ne suka ƙone fa, babu inda za a ɗebo iri? Ana iya karɓa daga ɗan'uwa na jini ko daga mamaci, amma sai an daɗe ana shan maganin danne garkuwa. A Japan, likita Kohji Nishida ya gwada wata hanya a 2004: ya ɗebo ƙwayoyi daga cikin kumatun majinyaci ya rene su ya dasa a ido. A 2019 kuma, a Jami'ar Osaka, ya dasa wa wata mata shimfiɗar da aka samar daga ƙwayoyin babban mutum da aka mayar da su matsayin tushe, dabarar da ta samo wa Shinya Yamanaka kyautar Nobel a 2012. Mutum huɗu aka yi wa a wannan gwaji. Hanya ce da ke buɗewa, ba ta zama ta kowa ba tukuna.

Yanzu ga maganar da ba na so a yi mata gurguwar fahimta. Ba kowace hakiya ce wannan dashe ke magancewa ba. Magidancin nan da ganyen gero ya shafa, da matar da ƙyanda ta taɓa tana ƙarama, galibi zobensu lafiya lau yake. Tabonsu a can cikin kaurin koniyar yake, inda zaruruwan da Allah Ya jera cikin tsari suka warke a hargitse, haske ya kasa wucewa. Irinsu na nan, ƙasar ce ta ƙeƙashe. Su har yanzu dashen koniyar mamaci ne babban maganinsu. Amma masana ba su bar wannan ɓangare ba. James Funderburgh na Jami'ar Pittsburgh ya gano a 2005 cewa akwai wasu ƙwayoyin tushen daban a ƙarƙashin zoben, masu kula da wannan kauri. A 2014 shi da Sayan Basu na Haidarabad suka nuna cewa idan aka rene su aka ɗora a kan raunin koniyar ɓera, raunin na warkewa ba tabo, daga nan aka fara gwadawa a jikin mutane a Indiya. In wannan ya tabbata, shi ne zai taɓa yawancin masu hakiyar ƙauyukanmu. Amma gwaji ne har yanzu. Saboda haka duk wanda ya zo maka da garin magani a leda, ko na sha ko na ɗigawa, ya ce ƙwayoyin tushe ne masu wanke hakiya, kuɗinka yake so. Ƙwayar da sai an tsare ta a ɗumin jiki cikin ɗaki mai tatacciyar iska ba ta rayuwa a jakar ɗan talla. Zuciyata na ƙuna idan na ga an sayar da tunkiya don irin wannan.

Kano ba baƙuwar aikin ido ba ce. Asibitin ido na ECWA da ke Sabon Gari yana aiki tun 1943, mutane na zuwa masa har daga Nijar da Chadi. Ga asibitin ido na Makkah, ga sashen ido na asibitin Murtala, ga Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da ke dashen ƙoda tun 2002, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Ta fuskar addini ma hanya a buɗe take: Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta a ɗauki wani sashe na jikin mutum a dasa masa a wani wurin in amfanin ya rinjayi cutarwa, ta kuma halatta ɗauka daga mamaci da izininsa ko na magadansa. Abin da hanyar Indiya ke buƙata bai fi ƙarfinmu ba: likitan koniya da ya je ya koyo da hannunsa, madubin tiyata, gam ɗin da sai an ajiye shi a sanyi, da fatar mahaifa, wato siririyar fatar nan da ke lulluɓe jariri a ciki. Wannan ta ƙarshe ana samun ta ne daga matan da aka yi wa tiyatar haihuwa, bayan an gwada jininsu an tabbatar babu cuta. A al'adarmu mabiyiya abu ne da ake wankewa a binne cikin mutunci, don haka ba za a ɗauka a ɓoye ba. Sai an zauna da mai jego da mijinta an yi musu bayani, sun yarda da bakinsu.

Kuma ba a dashe a busasshiyar ƙasa. Idon da ba ya yin hawaye, ko wanda fatarsa ba ta rufuwa, ko wanda gashi ke gogarsa, duk abin da aka dasa masa mutuwa zai yi. Sai an fara gyara fatar ido, an kwantar da kumburi na watanni, kafin a taɓa ido mai lafiya. Wannan share fage aiki ne da manyan asibitocin Ɗambatta da Bichi za su iya ɗauka: ma'aikacin ido ya tantance wa ke da mataccen zobe, wa ke da tabo mai zurfi, wa gashi ke ci, ya rubuta sunayensu, ya tura kowa inda ya dace maimakon a tara su duka a layi ɗaya a birni.

Bayan aikin ma da sauran tafiya. Akwai ɗigon magani sau da yawa a rana har tsawon makonni, akwai komawa wurin likita a kai a kai a watannin farko, akwai kiyaye idon daga ƙura da murza. Mutumin Tsanyawa da aka yi wa aiki a tsakiyar noman farko, da wa zai bar gonar, da me zai biya mota zuwa Kano karo huɗu ko biyar? In aka yi masa ana tsakar sussuka da shiƙa, ƙaiƙayi na jiransa a ƙofar gida. Duk wanda zai tsara wannan aiki domin mutanen karkara, sai ya ɗora shi a kan kalandar manomi, bayan amfani ya shiga rumbu kuma da ɗan kuɗi a hannu, ya sa kuɗin mota da tabarau na kariya cikin lissafin maganin tun daga farko, ya kuma samu ma'aikaci a asibitin kusa da zai riƙa duba idon a tsakanin tafiye-tafiyen birni.